Kirsimetin farko bayan rasuwar Baba: Mama ta ce ba ado, ba wasa

Anti, barka da aiki. Ni matar aure ce a Kaduna, shekarata tara a ɗakina, 'ya'yanmu uku. Tun da na shigo dangin nan, a ƙauye muke yin Kirsimeti wajen iyayen maigida a kudancin jihar. Baba ya rasu a watan Fabrairu. Maigidana ne babba a maza, don haka aka yanke bana kowa ya zo gidanmu: manya 12, yara 14, ƙaraminsu shekara 2, babbarsu 15. Abin da muka ware naira dubu 250 ne. Na yi niyyar sayen bishiyar Kirsimeti da fitilu, in shirya wa yara wasanni, don sun sha kuka bana. Da Mama ta ji, sai ta ce a waya kada a kawo mata itacen Turawa, babu shi a Littafi Mai Tsarki, kuma ba a tsalle-tsalle mijinta bai shekara a ƙasa ba. Faccalata ta ce neman suna nake. Maigida ya ce mu sasanta tsakaninmu, shi ba ruwansa. 'Ya'yana kuma kullum sai sun tambaye ni yaushe za a kafa bishiya. Ga maƙwabta gida shida, huɗu Musulmi ne, kowace Sallah sai sun aiko mana, ban san yadda abinci zai kai ba. In haƙura gaba ɗaya, ko in yi abina tunda gidana ne?

Wata 'yar'uwa daga Kaduna

Ƙanwata, sannu da hidima. Ubangiji ya ta'azantar da ku duka a kan rashin Baba. Daga cikin hanyoyi biyun da kika kawo, babu wadda zan ce ki bi. In kika haƙura gaba ɗaya, yara 14 za su wuni a falo suna kallon manya suna share hawaye. In kuma kika yi abinki, Mama za ta sauka daga mota ta tarar da abin da ta hana yana walƙiya a tsakiyar falon ɗanta, kuma wannan magana ba za ta mutu a cikin dangi ba har Kirsimeti goma masu zuwa.

Mu fara da Mama. Shekaru da dama ita ce mai cewa mudu nawa za a auna, wa za a ba cinyar kaza, kwanon wane gida zai fara fita. Baba yana zaune a ƙofar gida yana amsa gaisuwa, ita tana ciki tana juya komai. A shekara ɗaya ta rasa mijin, ta rasa gidan da ake taruwa, bana kuma za ta shigo da jakarta a matsayin baƙuwa, a ɗakin girkin da ba ta san inda ake ajiye gishiri ba. Ba za ta iya cewa "ina tsoron an gama da ni" ba, amma za ta iya cewa kada a kawo itace. Ina ganin rabin zafin maganarta daga nan ya fito. Sauran rabin kuwa makoki ne na gaske, kuma tsawon makoki ya bambanta daga gida zuwa gida da ƙabila zuwa ƙabila. A wasu wuraren matar mamaci tana kai shekara ba ta shiga shagali. Kada ki auna mata da ma'aunin gari.

Ke ma kina da gaskiya. Yaran nan kakansu suka rasa, kuma yaro ba ya makoki irin na babba: zai yi kuka yanzu, bayan minti goma ya nemi ƙwallo. Hana su dariya ranar Kirsimeti ba zai ƙara wa Baba daraja ba. Faccalarki kuma, kada ki ɓata bakinki a kanta. Sau da yawa mai cewa "neman suna" tana jin an bar ta a baya ne. Ki kira ta ki ce cincin da zoɓo a hannunta suke, ke ba ki iya irin nata ba. Wanda aka ɗora wa tukunya ba ya samun lokacin tsegumi.

Wanda ba zan ƙyale ba shi ne maigida. Akwai kunya tsakanin suruka da matar ɗa, kuma maganar da zai faɗa wa mahaifiyarsa ta wuce lafiya, in ke kika faɗa sai ta zama rashin kunya. Shi ne babba yanzu, kujerar Baba ta dawo kansa ko yana so ko ba ya so. Ki same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba yara a kusa, ki ce: "Baban yara, ba na son in ɓata wa Mama rai, ba na kuma son yaran nan su wuni jugum. Ka kira ta ka ce ita za ta tsara mana ranar kamar yadda take yi a gida, mu kuma mu roƙe ta ta bar jikokinta su yi ɗan abin da ba zai dame ta ba." Shi ya fara kira, ke ki biyo baya da gaisuwa. Duk wannan ya faru aƙalla sati biyu kafin ranar, kada a bari sai ta iso.

Batun bishiya kuwa, kada ki ja da Mama da ayoyi, domin ta faɗi gaskiya. Labarin haihuwar Yesu yana cikin Luka sura 2 da Matiyu sura 1 da 2, kuma babu bishiya a ciki. Ko ranar 25 ga Disamba ba a rubuce take a can ba. Rubutaccen tarihi mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a wannan rana daga birnin Rum yake, a shekara ta 336. Bishiyar al'adar Jamusawa ce tun wajen ƙarni na 16, ta bazu a Ingila bayan wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat da 'ya'yansu kewaye da ita a 1848. Wasu kan kawo Irmiya sura 10 su ce an haramta ta. In kika karanta daga aya 3 zuwa 5 za ki ga maganar gunki ce: itacen da masassaƙi ya sassaƙa, aka yi masa ado da azurfa da zinariya, aka kafe shi da ƙusa, ba ya magana, sai an ɗauke shi don ba ya tafiya. Ke ba sujada za ki yi wa bishiya ba. To amma abin da ba zunubi ba ne kuma ba farilla ba, bai kai a ɓata da uwar miji a shekarar da ta rasa mijinta ba. Kuɗin bishiyar roba ma, a cikin dubu 250 da baki sama da sittin za su ci, ba shi da wuri.

Ga abin da nake ganin ya fi: ku gina komin dabbobi. Shi dai yana cikin Luka baƙi da fari, kuma al'ada ce tsohuwa, tun 1223 da Faransis na Asisi ya shirya shi a ƙauyen Greccio a Italiya da ciyawa da sa da jaki masu rai. Mafi muhimmanci, Mama ta fi ki sanin aikin kara. Ki roƙe ta ta taho da ɗaurin karan dawa busasshe daga ƙauye, ta zauna da jikokinta ranar 23 su gina. A samu murfin kwali mai kauri ko babban faifai a matsayin ƙasa, a zuba yashi kaɗan. A yanka kara huɗu masu tsawon wajen santimita 30, su zama ginshiƙai. A ɓare ɓawon wani karan a tsaga shi siri-siri, shi ne ƙusar da za a riƙa soka wa ɓargon kara a haɗa gaɓa da gaɓa, kamar yadda yara ke yin motar kara. Babba ne zai yi ɓarar, don ɓawon kara yana yanka yatsa kamar reza. Rufi kuma ciyawa ce ko guntun zana. Tumaki da jaki a yi su da yumɓu, ƙafafu gajeru masu kauri, a soka tsinken tsintsiya a cikin kowace ƙafa. A shanya su a inuwa kwana biyu zuwa uku. In aka sa su a rana da iskar hunturu, waje zai bushe kafin ciki, su tsattsage. Saboda haka dabbobin a fara su tun ranar 20, ko kafin Mama ta iso. Tauraro kuwa kwali ne a yanka, a naɗe shi da cikin ledar madarar gari mai ƙyalli. Abu ɗaya za ki lura da shi: 'yan Katolika da Anglika sun saba da siffofin Maryamu da Yusufu da jariri, amma a ECWA ko COCIN ko Baftis akwai dattawan da siffar mutum ke yi musu kama da gunki. In Mama tana cikinsu, a tsaya a rumfa, komi, dabbobi da tauraro. Kada kuma a kunna kyandir a ciki ko kusa, kara da ciyawa a watan Disamba ba sa jiran a roƙe su su kama wuta.

In Mama ta sassauta har ta yarda da bishiya, ko kuma kika ga a kafa ƙarama a ɗakin yara inda ba za ta riƙa cin karo da ita ba, ba sai kin saya ba. Busasshen reshe mai rassa da yawa, tsawon mita ɗaya da rabi, ya isa. A kankare shi, a shafa masa farar ƙasa ko ragowar farin fenti, a dasa a bokitin fenti da aka cika da yashi da duwatsu. Bokiti mai lita 20 in ya cika da yashi yana kai kilo 30, ɗan shekara biyu ba zai ja shi ya faɗo masa ba. A naɗe bokitin da atamfa. Ɗanyen reshe mai ganye kuwa kada ki yi sha'awarsa, kwana uku zai yi a wannan iska ya fara zuba. Abin ratayawa yara su yi da kansu: taurarin kwali, alewa a ɗaure da zare, furen auduga. Ƙwallayen gilashi ba na gidan da ke da masu rarrafe ba ne.

Fitilu su ne inda ake samun matsala. Ki nemi masu aiki da batir uku irin na rimot ko na agogon bango, wutarsu ba ta kai ta ji wa yaro ciwo ba, kuma ɗauke wuta bai shafe su ba. In masu jonawa a soket kika samu, ki bi wayar da yatsunki daga farko zuwa ƙarshe kafin ki jona, duk inda roba ta tsage ki yar da ita, kada a yi mata ɗaurin salatif. Ki kunna minti 15 ki taɓa. In wayar ta yi ɗumi, ba ta da kyau. A cire ta daga soket duk lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da za a juya zuwa janareta, don ƙarfin wutar da ke dawowa shi ke ƙona su, a kuma kashe kafin a kwanta. Tunda na ambaci janareta: a waje zai kwana, nesa da taga. Gida zai cika, sanyi zai sa a rufe ko'ina, iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa kuma ba ta wari kafin ta kashe mutum. Haka garwashin gawayi, kada a shigar wa Mama ɗaki don jin ɗumi. A ƙara mata bargo.

Ado mafi arha kuma mafi ɗaukar hankalin yara shi ne sarƙar takarda. Kwalin makaranta guda, in aka yanka shi faɗin yatsu biyu ba kaɗan, tsawon santimita 20, yana ba da kusan guda 60, wato sarƙa mai tsawon mita uku. Kwali shida, ja da kore da fari, sun zagaye falo. Ki ba su abin maƙala takarda ko gam, su wuni a kai. Kada ki manna da salatif a bango: ƙurar hunturu ba ta barin ya kama, inda ya kama kuma zai tafi da fenti. Ki ja zare tsakanin ƙusoshin labule ki rataya a kai. In kina ganin launuka masu ƙarfi za su yi wa Mama yawa bana, fari da kore kaɗai ma sun yi kyau. Balan-balan a hura su da safiyar ranar, kada a cika su tam, kuma duk wadda ta fashe a tsince guntayenta nan take, don suna shaƙe ƙananan yara. Ki kuma sa ido kan ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga da ke cikin katin gaisuwa mai kiɗa da wasu kayan wasa. Yaron da ya haɗiye shi asibiti za a kai shi a take, ba a jira a ga abin da zai faru.

Yanzu kuɗi. Bai kamata gida ɗaya ya ɗauki nauyin mutum 26 ba. A ƙauye ma kowa da abin da yake kawowa, sai dai Baba ne ke faɗa. Maigida ya raba: wannan ƙani ya kawo nama, wannan yaya ta kawo mai da kayan miya, wancan lemo. Daga naku, kashi takwas cikin goma abinci, kashi ɗaya ado da kyautar yara, kashi ɗaya ki ɓoye don gas da zai ƙare ko baƙon da ba a zata ba. Shinkafa kilo ɗaya tana ciyar da manya bakwai zuwa takwas. Mutanen gida za su ci kilo uku a zama ɗaya, maƙwabta gida shida in kowace kula ta mutum huɗu ce kilo uku, masu shigowa gaisuwa kilo biyu. Ki tanadi kilo goma. Mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka ki sa a ɗora miki a sikeli sau ɗaya ki san nauyin naku. Nama kina bukatar yanka 80 ko sama: kaji takwas in kowace an fitar da goma, ko matsakaiciyar akuya, ko ku shiga watanda da 'yan cocinku, wanda yawanci ya fi sauƙi. In kaji ne, sayensu da rai tun da wuri yana rage tsada amma akwai kasada, don lokacin hunturu ne ciwo ke share kaji; in kina da firiza mai riƙe sanyi, a yanka a ajiye. Ni dai farar shinkafa da miya nake ba ki shawara a kan dafa-duka. Miya ana soya ta ranar 24 har mai ya taso, ta kwana lafiya, da asuba shinkafa kawai za a dafa, a tukunya biyu maimakon ƙatuwa ɗaya da za ta kama a ƙasa sama bai nuna ba. Dafaffiyar shinkafa kada ta wuni a rufe a kula tun safe har dare. Kabeji da karas a yanka a ajiye, kada a zuba musu bama sai za a ci.

Maƙwabtanki Musulmi sun riƙe zumunci, ki riƙe naki yadda za su ci hankali kwance. Duk naman da za a dafa, mahauci Musulmi ya yanka, ki kuma sa wanda zai kai abincin ya faɗa: "Mama ta ce a gaishe ku, Malam wane ne ya yanka." In akwai mai son naman alade ko burkutu a cikin dangi, tukunyarsa da ludayinsa da ranarsa daban. Kwanukan su fita kafin ku tafi sujada ko kuma da zarar kun dawo, da zafinsu. Ki bar Mama ta zuba da hannunta, ta ce wanne zai fara fita, jikoki su kai cikin sabbin kayansu. Wannan aikin ta san shi fiye da kowa a gidan, kuma shi ne zai fara sa ta ji ba baƙuwa ba ce.

Bayan an dawo coci an ci abinci, kafin kowane wasa, a ba Baba wurinsa. Maigida ya tara kowa, ya karanta Luka 2 daga aya 1 zuwa 20, da Littafin Baba in Mama ta zo da shi, a rera waƙar da ya fi so, Mama ko babbar yaya ta yi addu'a. Za a yi kuka, a bar shi ya fito. Minti ashirin sun isa. Abin da ke sa dariyar yara ta yi wa mai makoki ciwo shi ne jin an manta. In an ambaci sunansa a gaban kowa, abin da ya biyo baya yana zuwa da sauƙi.

Wasanni a fara su wajen ƙarfe huɗu, a gama kafin duhu, kuma na ranar 25 duk na zaune ne. Kada ke ki jagoranta, kina da tukwane. Ki ba 'yar shekara 15 ɗin da ɗaya daga cikin ƙannen maigida. A raba yara gida biyu, bakwai-bakwai, kowane gida da manya da ƙanana, kuma kada 'yan ɗaki ɗaya su taru a gefe guda, in ba haka ba gasar yara za ta koma ta iyaye. A fara da kacici-kacici, Mama ce alƙali. "Ƙulin ƙulifita," su amsa "Gauta." Baba na ɗaka gemu na waje: wuta da hayaƙi. Shanun gidanmu dubu, maɗaurinsu ɗaya: tsintsiya. Gidan da ya kasa sai ya ba da gari kafin a faɗa masa amsa, kuma yaran birni da ba su taɓa jin wannan ba za su yi ta rigimar wa zai ba da Legas. Daga nan ƙarasa karin magana: a ce "Komai nisan jifa," a ga wa zai ƙarasa. Da wuya Mama ta kira wannan tsalle-tsalle, kuma da wuya ta iya yin shiru in jika ya karkata karin magana.

Sai wasan haihuwar Yesu, wanda ya yi daidai da yawan yaranku: Maryamu, Yusufu, mala'ika, Hiridus, makiyaya huɗu, masana taurari uku, ƙanana uku kuma tumaki. Kada a ba su haddar magana, nan ne yake lalacewa. Babba ɗaya ya riƙa karantawa a hankali, su kuma suna aikata abin da suka ji. Gwaji ɗaya ranar 24 ya wadatar. Kaya zannuwa ne da tawul da ɗankwali. In Baba yana da sandar da yake dogarawa, a tambayi Mama a keɓe ko za ta yarda babban jika ya riƙe ta a matsayin makiyayi. In ta yi jim, a bar maganar. Bayan wasan a yi tambayoyi: wane gari aka haife shi, wane sarki ya ba da umarnin ƙidaya, ina suka gudu da jaririn, waɗanne kyautai aka kawo. Ki ajiye wannan ta ƙarshe don manya: masana taurari su nawa ne? Kowa zai ce uku. Matiyu kyautai uku ya lissafa, zinariya da lubban da mur, bai faɗi yawan mutanen ba.

A rufe da ƙunshi mai yawo. A naɗe 'yar kyauta da takarda hawa 14, kowane hawa da biskit ko alewa a ciki, a riƙa sauya jarida da wata takarda daban don kada yaro ya yage hawa biyu a haɗe. Yara su zauna da'ira suna miƙawa, waƙa tana tashi a waya, inda ta tsaya mai riƙe da ƙunshi ya buɗe hawa ɗaya. Sirrin yana wajen mai tsayar da waƙa: ya riƙa kallo ta gefen ido don kowane yaro ya samu sau ɗaya. 'Yan ƙasa da shekara huɗu biskit za a ba su, alewa mai tauri tana maƙalewa. Kyautar ƙarshe kuma ki ɗaura ƙulli 14 iri ɗaya, cincin da fensir da balan-balan. Gidan da ya ci shi zai fara zaɓa, shi ke nan bambancin. Kowane wasa kada ya wuce minti 15, a tsayar da shi tun ana jin daɗinsa.

Masu gudu da ihu a bar su sai ranar 26, ita ma hutu ce, a kuma yi su a waje: tseren buhu, lemon tsami a cokali, langa ga maza, gaɗa ga mata, cika kwalba da ruwa da tafin hannu. A kan ƙasa ko yashi, ba a kan tayil ko siminti ba. Wasan zagaya kujeru in za a yi, a shimfiɗa guntayen kwali a ƙasa maimakon kujerun roba da ke karyewa, a kuma raba manya da ƙanana. Nokawut kada ya shigo gidan ko guda. Yana ƙona yatsu, yana tayar da gobara a wannan rani, 'yan sanda ma sukan hana shi a lokacin bukukuwa, kuma a garin da ya san tashin hankali ƙarar fashewa ba abin wasa ba ce. In manya za su shiga wasa, ki tuna da kunyar surukai: kada a haɗa matar ɗa da yayan miji a abin da ake riƙe hannu ko ture juna. Kaka da jika kuwa abokan wasa ne tun asali, haka taubasai, a nan za ki haɗa. Maza su yi dara ko ludo a gefe, ba da kuɗi ba.

Mai yiwuwa ne duk da haka Mama ta ce a'a ga komai. In ta kai ga haka, ranar 25 tata ce: coci, abinci, maƙwabta, karatu da addu'a, da yamma tatsuniya in ta ga dama. Ki zaunar da 'ya'yanki ki faɗa musu gaskiya, cewa Kaka tana kewar mijinta, bana za mu taya ta, bishiya kuma za a kafa ranar kaza, ki faɗi ranar ki cika. Ranar 26 ƙanin maigida ya kwashe yaran zuwa filin coci ko gidan faccalarki su yi wasanninsu a can. Abin da ba zan so ki yi ba shi ne ki amsa mata da "to" a waya sannan ta zo ta tarar da akasin haka.

Idan maigida ya gama nasa kiran, ki kira ta da biro a hannunki. Ki tambaye ta mudu nawa take aunawa a gida, me take sa wa miyarta da Baba yake so, wace waƙa yake fara tayarwa in an dawo coci. Ki rubuta duk abin da ta faɗa, ko kin riga kin sani. Kafin ku yi sallama, ki ce jikokinta suna roƙon ta taho musu da karan dawa.